Jarkoki Biyu Masu Jan Fenti

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Yau na gane.

Mai ne ya ƙare wa matan da ke dafa wa 'yan gaisuwa abinci. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce in duba ɗakin ajiya ko akwai sauran man gyaɗar da na matse. Na shiga na jawo jarka ɗaya zuwa bakin ƙofa inda akwai haske. A kafaɗarta, ƙasa da marfin, akwai jan fenti, an zana da'ira an sa lamba bakwai a ciki. Na juyo ta biyun. Ita ma haka.

Bakwai ita ce lambar jirgin ruwan maigidana, Baban Salma, Allah ya jiƙansa.

Jiya na ji maza a zaure suna cewa da aka ciro jirgin daga dam, jarkoki biyu na baya cike suke da ruwa, kuma babu fentin kwamitin tsere a jikinsu. Maganar ta wuce ta kunnena kamar sauran maganganun kwanakin nan. Sai yau.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Inna ta ƙwala kira daga tsakar gida: "Humaira, man ne ya yi nauyi ko ke ce?" Na ce babu mai, ya ƙare. Aka karɓo a maƙwabta. Shekara tara ina gidan nan, ban taɓa yi mata ƙarya ba sai yau.

Laraba, kafin magariba

Na lulluɓe su da buhu.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Littafin nan na Salma ne, na makaranta, ta yi shafi uku ta bar shi. Rabona da rubutu mai tsawo tun ina aji biyu a sakandaren Kibiya. Amma ba ni da wanda zan gaya wa, kuma abin yana cin ƙirjina.

Baban Salma, ina ninke kayanka na sami takardar dokokin tseren jirage a aljihun shuɗiyar rigar nan. Ta sha ninki har ta fara yagewa. Na karanta ta sau huɗu, a hankali, da yatsa. Rukuni uku ne: na tuƙi da filafili, na ƙaramin inji, na babban inji. Kai bana ka shiga babban. An rubuta cewa jirgin babban rukuni dole kaurin katakonsa ya kai inci ɗaya. Tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari kada ya wuce kamu ɗaya. A cike duk wata kafa da kwalta ciki da waje. Sai doka ta biyar, bari in kwafe ta yadda take:

"A ɗaure jarkoki huɗu rufaffu, babu komai a ciki, biyu a gaba biyu a baya ƙarƙashin benci. Kwamiti zai danna kowacce a ruwa. Wadda ba ta fitar da kumfa ba ita za a sa wa lamba. Su ne za su riƙe jirgi a saman ruwa idan ya kife."

Su ne za su riƙe jirgi.

Ranar Laraba kafin tseren aka gwada jirginka aka sa masa lamba. Ka kwance jarkokin ka dawo da su gida a babban buhu, ka ce a bakin dam ko takalmi ka ajiye sai ka koma gida ba takalmi. Na ce, "Wace irin doka ce wannan, mutum ya ɗauki jarka babu komai ya shiga ruwa?" Ka yi dariya ka ce, "Hajiyar ƙuli, bari in ciwo kofin tukuna, sai in zaunar da ke in ba ki karatu."

Ranar Juma'a na matse mai. Jarkokina biyu sun tsufa, ɗaya marfinta ya tsage, ɗaya an liƙe mata gindi kuma tana tsiyaya. Naka sababbi fil, launinsu ɗaya da nawa, rawaya. Na ga fentin, na ɗauka shaidarka ce don ɓarayi. Na ce a raina, nasa ai iska kawai za su ɗauka, nawa kuwa mai. Na wanke tsofaffin da omo, na shanya, na sa maka a buhun, na ɗaure bakin yadda ka ɗaure. Na yi niyyar in gaya maka. Ka dawo a gajiye, Salma ta ɗale wuyanka, na manta.

Asabar da asuba ka ɗora buhun a babur ka tafi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da safe

Salma ta tambaye ni ko kifi yana barci. Na ce ban sani ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi addu'ar bakwai. Mutane sun zo daga Rano, daga Fammar, 'yan'uwana daga Fassi sun cika mota. Har Fulanin da kake ƙetarar wa da nono sun zo, wata tsohuwa a cikinsu ta kama hannuna tana magana da Fulatanci tana kuka. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane.

Ɗakina ya jingina da zaure, komai aka faɗa ina ji. Malam Abdulganiyyu, shugaban kwamitin tseren, ya zo. Ya gaisa da kowa, ya tsallake Kawu Ja'afaru.

Kawu Ja'afaru ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sassaƙa jirgin, wata uku yana kansa. Shekara talatin yana yi wa masunta jirage. Jiragensa uku ne suka shiga tseren bana. Abin da ake faɗa yanzu shi ne wai jarkoki goma kawai aka gwada masa, ya riƙa zagayawa da su daga jirgi zuwa jirgi, a ƙarshe ya cusa wa ɗan yayarsa ruɓaɓɓu. Wani ya ce, "Ai shi ya ɗaure masa su da hannunsa a bakin ruwa, kowa ya gani." Kawu yana zaune a cikinsu. Na kasa kunne ko zai yi magana. Tari kawai ya yi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban ci ba. An ce takaba ce.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Kowa da yadda yake ba da labarin. Wani ya ce a wajen gangar da aka kafa a cikin ruwa ake zagayawa ne jirgin Rano ya taso igiyar ruwa, naka ya kife. Wani ya ce injin da ka aro ya fi ƙarfin jirgin. Wani ya ce rigar ruwanka ba ka ɗaure ta ba saboda zafi, an tsince ta ita kaɗai. Wani ya ce igiya ce ta harɗe maka ƙafa. Abu ɗaya ne duk suka yarda da shi: gaban jirgin ya tsaya a sama kamar kan kifi, bayansa ya nutse.

Bayansa.

Ni ban taɓa ganin dam ɗin da ruwa ya cika shi ba. Sau ɗaya ka kai ni, da rani, ina da cikin Salma. Na ƙi shiga jirgin, ka ce matar masunci mai tsoron ruwa sai a Yalwa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Na gaya wa Mufida. Ita ce yayata, ta zo daga Fassi ta kwana biyu tana taya ni zama. Tana tsefe wa Salma kai, na tura yarinyar wajen Inna, na kama hannunta na kai ta ɗakin ajiya na ɗaga buhun.

Da farko ba ta gane ba. Ta ce, "To? Mai ne. Ke da kika ce ya ƙare, ashe rowa ce." Sai na yi mata bayani. Ta zauna a kan turmi.

Ta ce, "Wa kika gaya wa?"

Na ce ita kaɗai.

Ta ce, "To a kaina ya tsaya. Kin ji ko? Humaira, kalle ni. Kwana ne ya ƙare. Ko jarka ɗari aka ɗaura masa, ranar ce ranarsa."

Na ce na sani, ban musa wa Allah ba. Amma Kawu fa?

Ta ce, "Kawu namiji ne, gemunsa fari, zai iya da su. Ke in maganar nan ta fita, har Salma ta tsufa ana nuna ta ana cewa ga 'yar wadda ta musanya jarka. Matan Yalwa da ba su da aiki sai tsince bakin mutane? Ki bari in tafi da su Fassi in kankare fentin, shi ke nan."

Na hana. Ban san dalili ba. Ta ce tun ina ƙarama taurin kaina irin na jakin Baba ne, in an ja gaba sai baya. Muka yi dariya kaɗan, sannan muka yi kuka.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Kawu ya zo gaida Inna. Ya yi sallama sau uku a ƙofar ɗakinta. Tana ciki, ina ganin ƙafafunta ta ƙasan labule. Ba ta amsa ba.

Salma ta rugo ta riƙe masa riga. Kullum in ya zo sai ya ce mata, "Amaryata, yau ma ba ki yi min tuwo ba? Zan sake ki fa." Ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai warin kwalta. Yau ita ta fara: "Angona, ina ƙulin da ka ce?" Ya shafa kanta ya ce, "Amarya, yau angon ba shi da baki." Ya sa takalmi ya fita.

Da ya tafi Inna ta ce da ni, "Goyon Ja'afaru ni na yi shi. A bayana ya yi wayo. Ya rasa wanda zai yi wa haka sai ɗana." Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ta ce, "Miƙo min buta."

Na miƙa mata buta.

Litinin, 21 ga Oktoba

Jarka jarka ce, haka na ce ranar nan.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

An sa ranar zaman kwamiti, Asabar mai zuwa, a rumfar masunta. Za su yanke ko jiragen Kawu za su sake shiga tsere.

Na roƙi Mufida ta waya ta sa mijinta ya tambayi malamin unguwarsu ko mai takaba za ta iya fita. Ta bugo ta ce malam ya ce in da lalura babu laifi, da rana, ta dawo gidanta ta kwana. Sai ta ce, "Amma lalurar taki ba za ki iya faɗar sunanta ba, ko? To zauna."

Na rubuta wa Malam Abdulganiyyu takarda. Sau uku ina yagawa. Ta huɗun tana ƙarƙashin filo. Wa zan ba? Duk wanda na ba sai ya tambaya me matar mamaci take rubuta wa namiji tana cikin takaba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Alhajin da ke kai mai Kano ya aiko a tambaya ko akwai kaya. Inna ta ce a ce masa mai yin man ba ta da hannu yanzu.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Na sa hijabi. Na sa takardar a ciki. Na kai har zaure, ina ganin hasken titi, wani mai babur yana tsaye a gindin darbejiya kamar an aiko shi.

Inna ta ce daga bayana, "Ina za ki?"

Na ce, "Inna, dam."

Ta ɗauka wurin da ka tafi nake son gani. Ta zo ta kama ni ta kafaɗa ta ce, "Ni ma kullum zuciyata can take zuwa. Ba a zuwa, 'yata. Ki yi masa zaman nan, shi ne abin da ya rage da za ki yi masa." Ta mayar da ni ɗaki kamar mara lafiya, ta dama min kunu da hannunta, ta zauna sai da na shanye.

Asabar, bayan la'asar

Kwamiti ya yanke: shekara uku. Babu jirgin da ya fito daga hannun Kawu da zai shiga rukunin inji, ƙarami ko babba. An goge lambobin sauran biyun. An ce sun tambaye shi ina jarkoki biyu masu fenti suke, ya ce bai sani ba. Suka ce ya rantse bai san komai ba a kan tsofaffin. Ya ƙi rantsuwa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Me ya hana shi rantsuwa?

Alhamis, 31 ga Oktoba, da rana

Matar Kawu ta aiko wa Inna da kuɓewa, Inna ta mayar. Wadda ta kawo ta ce masunta biyu sun janye aikin da suka ba shi, sun kai wa wani a can ƙetaren ruwa. Ba tseren kaɗai ba ne ashe. Wa zai sa 'ya'yansa a jirgin mutumin da aka ce ya yi wa ɗan yayarsa haka? Ta ce yana zuwa rumfarsa kullum da safe, ya share, ya wasa gizago, ya zauna.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na yi mafarkinka. Kana ta neman hularka.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan azahar

Inna ta tafi asibitin Rano a duba mata hawan jini. Na aika maƙwabciyarmu ta ce wa Kawu Salma ba ta jin daɗi tana kiransa. Ƙarya ta biyu.

Ya zo da sauri, da kwalta a hannunsa. Ya tarar da Salma tana 'yar carafke a tsakar gida. Ya dube ta, ya dubi ƙofata. Na fito na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Sannan na shiga ɗakin ajiya na jawo su ɗaya bayan ɗaya, na ajiye a gabansa, na juya fentin ya kalle shi.

Bai yi mamaki ba. Ya ce wa Salma ta je ta kawo masa ruwa a randar Inna, mai sanyi, ta ƙasa.

Ya ce, "Mayar da su."

Na ce, "Kawu, ni ce."

Ya ce, "Na sani. Likin da ke gindin tsohuwar jarkarki wa ya yi miki shi? Ba ni ba ne, bara, da wuƙa mai zafi, kina tsaye kina cewa in yi sauri manki zai huce? Ana ciro ta daga ruwa na gane aikina."

Na ce, to me ya sa bai faɗa ba.

Ya ce, "Ni na ɗaure su a jirgin. Ido biyu gare ni. Ana ta buga ganga, ana kiran lamba bakwai, mijinki Munzali yana cewa Kawu yi sauri, na zaro daga buhu na ɗaure ban juya su ba. Shekara talatin ban taɓa sa abu a jirgi ban duba ba sai ranar. Da aka ce in rantse ban san komai ba, ta yaya?"

Na ce zan gaya wa Inna. Zan gaya wa kwamiti. A mayar masa da sunansa.

Ya ce, "Yaya Fanta ɗa ɗaya ta haifa. Yanzu da wa take cin abinci? Da ke. In kin gaya mata, da wa za ta ci? Ni ta yi ta fushi da ni, ta saba. Tun ina yaro take dukana da muciya." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Sai na tambaye shi abin da nake ta son in tambayi wani. Na ce, "Kawu, don Allah. Da waɗannan ne a baya, da jirgin ya tsaya?"

Ya kalli jarkokin. Ya ce injin yana da nauyi. Ya ce ruwan wajen gangar yana da ja. Ya ce, "Allah ne masani, Humaira."

Bai ce a'a ba.

Salma ta kawo ruwan tana zubarwa a hanya. Ya sha, ya ce, "Amarya, ruwanki ma rabi kike ba ni." Da zai fita ya tsaya a bakin zaure, bai juyo ba, ya ce ban da izininsa in faɗa. Na ce ba zan iya yi masa alkawari ba. Ya ce, "To, ki yi tunanin tsohuwar."

Laraba, 6 ga Nuwamba

An ce jinin Inna ya hau sosai. An ƙara mata ƙwaya, an ce a guji tayar mata da hankali.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da safe

Na ɗauki takardar da na rubuta wa Malam Abdulganiyyu zan sa a murhu. Na fasa. Na mayar.

Ina ta lissafi. In na fita takaba a watan Fabrairu zan iya zuwa rumfar masunta da ƙafata. Amma duk abin da aka faɗa a rumfar da safe, kafin azahar ya iso zauren nan. Babu hanyar da zan wanke Kawu da ba ta bi ta ƙofar ɗakin Inna ba. Na juya ta kowane gefe.

Kai da ka san yadda ake mata magana. Kai kaɗai kake sa ta dariya tana cikin faɗa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Arba'in. An yi waina da gumba, an raba. Kawu ya zo, ya zauna a can ƙarshen tabarma a waje, kusa da inda ake ajiye takalma. Inna ta lissafa kwanukan da za a fitar wa maza, ta kira sunan kowa, ba ta kira nasa ba. Na zuba nasa a kwanona na ba maƙwabciya ta kai masa. An dawo da shi a rufe yadda na ba da.

Da mutane suka watse Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce in na gama takaba kada in koma Fassi. Ta ce ɗakin nawa ne, ni da Salma, har ranar da Allah ya kawo wani rabon, kuma ko a lokacin ita ce uwata. Ta riƙe hannuna da nata biyu. Hannunta ya rame, zoben yana juyawa. Ta ce, "Ke ba ki taɓa ɓata min ba, Humaira. Ko sau ɗaya."

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Na'am?"

Na ce lokacin shan maganinta ya yi.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da safe

Jiragen Kawu biyu suna kife a bakin dam. Shi da yayarsa kwana talatin da huɗu ke nan ba su gaisa ba. Inna tana tsakar gida tana tsince wake, ta ce in fito in taya ta.

Har yanzu ban gaya mata ba.